Kowa Ya Tuna Bara Bai Ji Daɗin Bana Ba?

Akwai wani dattijo tela a unguwarmu, shekarunsa sun ba saba'in baya. Yanzu idonsa ba ya iya zura zare a allura, saboda haka ya bar wa jikokinsa keke, shi kuwa ya koma zaman benci a ƙofar shago yana duba aiki. Mutum ne mai kamun kai, ba ka jinsa cikin hayaniya. Amma duk ran da ciniki ya yi sanyi sai ka ji ya ce wa babban jikansa, "Kai, samo mini tawan nan." Yaron ya riga ya san abin da ake nufi. Sai ya latsa wayarsa ya miƙa masa, ga wani tsohon fim na Indiya, irin wanda ba shi da launi sai baƙi da fari, saurayi da budurwa suna waƙa suna zagaya itace. Dattijon nan bai san kalma goma ta harshen Indiya ba, ya kuma ga wannan rawa ta fi sau ɗari. Duk da haka in ya riƙe wayar nan, ko sallama ka yi masa sai ka maimaita.

Wata rana ina zaune wurinsa, ya gama kallon tasa ya mayar da waya, sai yaron ya kunna wani fim na Hausa, nan ma saurayi da budurwa ne ke rawa da waƙa. Dattijo ya leƙa, ya tsuke fuska, ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ka ga abin da nake faɗa maka? Zamani ya lalace. Mu a lokacinmu ko rawa da kunya ake yinta." Na ce, "Haka ne, Baba," don ba a musu da dattijo a gaban jikansa. Amma na tafi gida maganar tana yi mini yawo a kai, ita ce kuwa ta haifi wannan rubutu.

Tambayar ita ce, me mutum ke nema in ya koma kan tsohuwar rawa ta cikin fim, wadda ya san farkonta ya san ƙarshenta? Begen nan da ke kama shi, gaskiya yake gaya masa ko ƙarya? Hausawa sun riga sun yanke hukunci da suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni kuwa ina so mu sake duba shari'ar, don ina ganin an yanke ta ba a saurari ɓangare guda ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na tsofaffin Kano ne kaɗai. Wata ƙasar da ke fama da shi ita ce Amurka, inda aka fara ƙera irin waɗannan fina-finai da yawa, kuma can ne labarinsu ya fi fitowa fili, har mutum ya iya ganin abin da ke bayan labule. To, bari mu je can tukuna, sa'an nan mu komo gida.

A shekarar 1933 wani kamfanin fim na Holiwud mai suna RKO ya haɗa wani ɗan rawa, Fred Astaire, da wata 'yar wasa, Ginger Rogers, a cikin fim ɗaya. Ba su ne manyan 'yan wasan fim ɗin ba, amma 'yar rawar da suka yi ta fi kome shiga ran 'yan kallo. Daga nan aka yi ta haɗa su, har suka yi fim tara a wannan kamfani zuwa 1939, suka ƙara na goma a wani kamfani a 1949. Labarin fina-finan kusan duk ɗaya ne, kuma ba shi da wani nauyi. Saurayi ya ga budurwa ya ji yana sonta, ita kuwa ta ɗauke shi sakarai, ko ta zaci mijin wata ne. Ya yi magana, maganar ta ƙara ɓata lamari. Sai kiɗa ya tashi. Ya taka, ta juya baya. Ya sake takawa, ta taka ɗaya don ta nuna masa ita ma ta iya. Kafin kiɗa ya ƙare ƙafafunsu sun daidaita, abin da baki ya kasa shiryawa sawu ya shirya shi. Astaire ya mutu a 1987, Rogers a 1995, amma har yau ana kallonsu, kuma da yawa cikin masu kallon ba a haifi ko iyayensu ba sa'ad da aka yi fina-finan.

Wanda ya kalli Top Hat na 1935, ya ga maza cikin baƙaƙen kwat da dogayen huluna, mata cikin alharini, ɗakuna farare tas kamar ba a taɓa taka su ba, sai ya ce kai, mutanen wancan zamani sun ji daɗi. Ina! A lokacin ne Amurka ke cikin mummunan karayar arziki wadda ta soma a 1929. A 1933, cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aikin yi. Bankuna dubbai sun rushe da ajiyar mutane, magidanta suna bin layi don a ba su miya da burodi sadaka. Birnin Venice na Italiya da aka nuna a fim ɗin ma ba shi ba ne, da katako da fenti aka gina shi a cikin babban ɗakin ɗaukar fim a Kalifoniya. Watau mutanen da suka fara kallon wannan fim ba rayuwarsu suke gani ba, abin da ba su da shi suke gani. Mutum ya ba da ɗan kuɗin da ya rage masa, ya zauna cikin duhu wajen awa biyu, ya manta da mai gidan haya. To, ashe wanda ya zauna yau yana begen 1935 saboda wannan fim, yana begen mafarkin mayunwata ne, ya ɗauka shi ne abincinsu.

Ita ma rawar da muke gani kamar iska ce ke ɗauke da masu yinta, da gumi aka saye ta. Astaire ya kafa sharaɗi cewa a riƙa nuna ɗan rawa tun daga kai har ƙafa, kuma kada a yi ta yanka hoto ana haɗawa. Ma'anar wannan ita ce in ƙafa ta kuskure sau ɗaya, sai a koma farko. Yakan yi makonni yana gwaji tare da abokin aikinsa Hermes Pan, shi Pan ɗin yana tsayawa a matsayin mace, sa'an nan ya je ya koya wa Rogers nata takun. An ruwaito cewa rawar ƙarshe ta fim ɗin Swing Time na 1936 sai da aka ɗauke ta sau 47 a yini guda, har ƙafafun Rogers suka yi jini a cikin takalmi. Ko ƙarar takalman da ake ji, ba a lokacin rawar aka ɗauke ta ba, daga baya ake bi a ɗora. Har da wani abin dariya: a Top Hat Rogers ta dage sai ta sa wata riga ta gashin jimina, da aka fara juyi gashin ya yi ta tashi yana manne wa Astaire a kwat, ransa ya ɓaci ƙwarai. Rawar nan ta rigar gashin jimina kuwa tana cikin waɗanda aka fi tunawa da su a matsayin alamar so da jituwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da yawa cikin fina-finan da ake bege, su kansu da bege aka gina su. Ɗauki Singin' in the Rain na 1952, wanda Gene Kelly ke rawa da lema cikin ruwan sama don murnar budurwa ta amsa masa. Mutanen yau suna kallonsa suna begen 1952. Shi kuwa fim ɗin labarin 1927 yake bayarwa, shekarar da fim ya fara magana, kuma yawancin waƙoƙinsa tsofaffi ne na wajen 1929 zuwa 1939, aka kakkaɓe musu ƙura. Grease na 1978 yana waiwayen 'yan makarantar ƙarshen shekarun 1950. La La Land na 2016 yana waiwayen Astaire da Kelly gaba ɗaya. Kowa ka tambaya ina zamanin daɗi yake, sai ya nuna maka baya da yatsa, in ka je can, na can ma ya nuna maka nasa bayan. Kamar mai bin inda sama ta haɗu da ƙasa ne, kullum yana gab da isa.

Cikin fim ɗin nan na 1952 akwai wani abin lura. Labarinsa a kan wata shahararriyar 'yar wasa ce mai mummunar murya, aka ɓoye wata yarinya tana yi mata waƙa a bayan labule, a ƙarshe aka ja labule gaskiya ta fito. Debbie Reynolds ce ta fito a yarinyar, tana da shekara 19, kuma ba ta iya rawa ba sa'ad da aka ɗauke ta, cikin 'yan watanni aka koya mata da tsanani. To, a wata waƙa da ake nuna ita ce ke ara wa waccan murya, muryar da ake ji ba tata ba ce, ta wata mawaƙiya ce mai suna Betty Noyes, wadda ba a rubuta sunanta a fim ɗin ba. Fim mai wa'azi a kan ɓoye mai murya, shi ma ya ɓoye tasa.

Amma wanda ya fi dacewa da bincikenmu shi ne Dirty Dancing na 1987. Ma'anar sunan ita ce ƙazamar rawa, watau irin rawar da ma'aikatan wani otal ke yi a ɗakinsu da dare, wadda manyan baƙi ke ƙyama. An yi shi da kuɗi kaɗan, wajen dala miliyan 5 zuwa 6, masu shi ma ba su sa masa rai ba, sai ga shi ya tara fiye da dala miliyan 200, aka kuma sayar da kaset ɗin bidiyonsa fiye da miliyan ɗaya. Labarin wata yarinya ce 'yar likita, wadda iyayenta suka kai hutu wani otal a duwatsun Catskill na Jihar New York a bazarar 1963, ta haɗu da mai koyar da rawa na otal ɗin, ɗan talakawa. Jennifer Grey da Patrick Swayze ne suka fito. Wadda ta rubuta shi, Eleanor Bergstein, ita ma 'yar likita ce da ta yi irin wannan hutu tana yarinya, saboda haka ƙuruciyarta take waiwaya.

Me ya sa 1963? Don a Nuwamban shekarar aka harbe Shugaba Kennedy, kuma Amurkawa da yawa suna ɗaukar bazarar da ta gabaci kisan a matsayin ƙarshen kwanciyar hankalinsu. Otal-otal ɗin Catskill kuwa iyalan Yahudawa ne suka fi zuwa, asali don waɗansu wuraren hutu da yawa ba sa karɓarsu. Da aka daina wannan wariya, tafiya a jirgin sama ta yi araha, na'urar sanyaya ɗaki ta shiga gidaje, sai wuraren suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikin mafi girmansu, Grossinger's, an rufe shi a 1986, shekarar da ake ɗaukar fim ɗin. Ba ma a Catskill aka ɗauke shi ba, a jihohin Bajiniya da Karolina ta Arewa ne, kuma sanyi ya riga ya fara shigowa, ganye ya soma ja, har sai da aka fesa masa koren fenti don ya yi kama da bazara. Na daɗe ina tunanin wannan fenti. Ban san wani misali da ya fi shi bayyana yadda bege ke aiki a zuciyar mutum ba.

Yanzu ga ƙarar da ake kai wa bege, kuma ƙara ce mai ƙarfi. Bege yana zaɓe. Bazarar nan ta 1963 da ake kira ta kwanciyar hankali, ita ce wadda mutum wajen 250,000 suka taru a birnin Washinton ran 28 ga Agusta suna neman a ba Baƙar fata 'yancinsu, kuma ran 15 ga Satumba aka sa bam a wata majami'a a Birmingham ta Jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu. In muka koma zamanin Astaire, dokar tace fina-finai da aka tsananta a 1934 ta hana a nuna soyayya tsakanin Fari da Baƙi. Rawar ƙwanƙwasa ƙasa da takalmi mai ƙarfe, wadda Astaire ya yi suna da ita, Baƙar fata na Amurka suna da babban rabo wajen ƙirƙiro ta, amma gwanayensu irin su Bill Robinson da 'yan'uwan nan biyu Fayard da Harold Nicholas ba a ba su matsayin saurayin da ke samun budurwa a manyan fina-finan Turawa ba. A Swing Time Astaire ya shafa baƙi a fuska ya yi rawa da sunan girmama gwanayen Baƙar fata, alhali ga su nan da ransu ba a kira su ba. To, wanda ya ce zamanin nan ya fi, sai a tambaye shi, ya fi ga wa? In ya ce ga kowa, ya ba da shaidar zur, ko da bai yi niyya ba. Shaidar zur a kan matattu kuwa ta fi sauƙi, don ba za su tashi su ƙaryata ba.

In da nan maganar ta tsaya, da sai mu ce karin maganarmu ta yi gaskiya, mu shawarci dattijon tela ya mayar wa jikansa waya. Amma akwai saura.

Kalmar da Turawa ke kiran wannan bege da ita, wani ɗalibin likitanci ne mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙiro ta a birnin Basel a 1688, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin komawa gida, ɗaya mai nufin ciwo. A wurinsa cuta ce sosai, wadda ke kama mutanen Suwizalan da suka yi nisa da gida, musamman masu aikin sojan haya a ƙasashen waje, mutum ya daina cin abinci, ya rame, wani ma har ya mutu. An ce akwai wani kiɗan makiyayan ƙasarsu da aka hana busa shi a sansani, don in sojojin suka ji sai su gudu gida. Masanin nan Rousseau, da ya yi magana a kan wannan kiɗa a 1768, ya ce ko an bincika sautinsa ba za a ga abin da ke sa kuka ba, ƙarfinsa yana cikin abin da yake tuna wa mai ji. Bayansa Kant, masanin falsafa na Jamus, ya ƙara da cewa in mutanen nan suka koma gida sai su ji ba su sami abin da suke nema ba, su ɗauka garin ne ya sāke, alhali ƙuruciyarsu suka je nema, ita kuwa ba ta zauna tana jiransu ba.

Ina ganin nan ne bakin zaren. Mai kallon tsohuwar rawa ba 1935 yake bege ba, ba kuma 1963 ba. Yana begen wanda ya zauna ya kalla tun farko, watau shi kansa, sa'ad da gwiwarsa ba ta ciwo kuma bai binne kowa ba tukuna. Masana halin ɗan Adam sun lura cewa in aka ce wa tsoho ya faɗi abubuwan da ya fi tunawa, yawancinsu daga tsakanin shekara goma zuwa talatin na rayuwarsa suke fitowa, kuma kiɗan da ya ji a lokacin shi ke zama nasa har abada. Binciken da aka yi a Jami'ar Southampton ta Ingila ya nuna cewa bege yakan zo wa mutum sa'ad da kaɗaici ya dame shi, kuma yakan rage masa kaɗaicin, ya tuna masa cewa an taɓa sonsa. Ashe ba kullum ne mai tuna bara ke ƙin bana ba. Wani yana tuna bara ne don ya sami ƙarfin ɗaukar bana.

Sai dai wannan bai gama amsa tambayar ba. In ƙuruciya kaɗai ake nema, ai kowane tsohon fim zai yi, ko na yaƙi ko na 'yan fashi. Me ya sa na rawa da soyayya suka fi daɗewa, har yaran da ba su da wata ƙuruciya a cikinsu suke kamuwa? Ga abin da nake gani. Rawar mutum biyu hoto ne na wani abu da kowa ke so, kuma mai wuyar samu, watau mutum biyu masu hali daban su koyi tafiya da sawu ɗaya. Dole kowa ya saurari ɗan'uwansa, dole wani ya jira, dole in ɗaya ya kuskure ɗayan ya rufa masa asiri ba tare da 'yan kallo sun gane ba. Duk wanda ya yi zaman aure shekara goma ya san wannan aiki, ya kuma san ba a gama shi cikin minti uku. Fim kuwa sai ya matse shi cikin minti ukun, ya nuna shi ya kammala. A ƙarshen Dirty Dancing yarinyar ta rugo a guje ta yi tsalle, saurayin ya cafe ta ya ɗaga ta sama da kansa. Tun farkon labarin take jin tsoron wannan tsalle, kuma Jennifer Grey ta faɗa da bakinta cewa ita ma a gaske tsoronsa take ji, ta ƙi gwada shi sai ranar ɗauka. Abin da 'yan kallo ke komawa su gani shi ne mutum ya saki jikinsa don ya amince ba za a bar shi ya fāɗi ba. Wannan kam ba fenti ba ne, ko da ganyen da ke bayansu fenti ne.

Akwai kuma maganar kunya, wadda dattijon tela ya ambata, kuma a nan yana da gaskiyarsa. Dokar nan ta 1934 ta ɗaure wa masu fim hannu wajen nuna sha'awa a fili, saboda haka sai rawa ta ɗauki nauyin abin da ba a iya nunawa. Astaire da Rogers sun yi fim bakwai ba a nuna wata sumba ta sosai tsakaninsu ba, sai a na takwas, Carefree na 1938. Haka fina-finan Indiya na da, inda masu tacewa ba sa son a nuna sumba, sai waƙa da kallon ido da zagaya itace suka zama harshen masoya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa fina-finan Indiya suka sami karɓuwa a ƙasar Hausa tun daga shekarun 1950 da 1960, sa'ad da Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo su. Bahaushe ya ga mutane masu sutura, masu jin nauyin iyaye, ya ga yarinyar da aka hana wanda take so, ya ce ai wannan namu ne. Abin da aka ɓoye rabinsa kuwa ya fi daɗewa a rai, don mai kallo ne ke cika sauran da nasa.

Amma can ma akwai bayan labule. A Mughal-e-Azam na 1960, Madhubala tana rawa a fadar madubai gaban sarki, tana bayyana sonta ga ɗansa ba tsoro. Muryar ba tata ba ce, ta Lata Mangeshkar ce, kamar yadda aka saba a fina-finan Indiya. Ita Madhubala kuwa da ciwon zuciya ta yi aikin, ciwon da ya kashe ta a 1969 tana da shekara 36. Sanin wannan bai rage mini daɗin kallon ba. Sai ma na ga ya ƙara, don yanzu ina ganin mutum a inda da nake ganin hoto. Shi ya sa ban yarda da masu cewa sai an rufe ido ga gaskiya ake jin daɗin tsohon fim ba.

Inda na rabu da dattijon tela shi ne inda ya mai da begensa alƙali. Ko rawar maza da mata a fim ta dace ko ba ta dace ba, magana ce ta gaske, malamai da iyaye da hukuma duk suna da ta cewa, shi ya sa ma aka kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano a 2001. Amma ba bege ne zai yanke wannan shari'a ba, don shi ɗan gida ne, kullum ɓangaren ƙuruciyar mai shi yake bi. A 1816 jaridar The Times ta Landan ta yi Allah wadai da wata sabuwar rawa da aka shigo da ita fada daga ƙasashen Jamus, ta gargaɗi iyaye su tsare 'ya'yansu mata daga gare ta. Rawar nan, wadda ake kira wals, ita ce bayan shekara ɗari ta zama ta dattawa masu mutunci. Wadda aka kira ƙazama a 1963, yau kakanni ne ke share hawaye in sun gan ta. Masu shirya fina-finan Hausa kuwa, tun daga shekarun 1990, a wurin wa suka koyi rawa da waƙa in ba a fina-finan Indiyan da iyayensu suka rene su da su ba? Mai yiwuwa ne wata rawar ta yau ta fi ta da rashin kunya, mai yiwuwa ne kuma ba ta fi ba. Sai an aza su biyu a sikeli an duba, kuma mai riƙe sikelin ya yarda cewa ɗaya daga cikinsu tana da shekarunsa ashirin a manne da ita, suna ƙara mata nauyi.

Bayan 'yan kwanaki na koma shagon, na tarar yaran sun fita, sai na sami sarari na ce, "Baba, wai a ina ka fara ganin fim ɗin nan naka?" Ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariya. Ya ce a wani gidan sinima ne marar rufi, da hunturu, yana ɗan koyon ɗinki, da sulen da ya ɓoye daga kuɗin aikin maɓalli. Ya ce ta katanga ya fita, don a wurin mahaifinsa duk mai zuwa sinima ɗan iska ne, kuma da asiri ya tonu ya sha dūkan da har yau bai manta ba. Na ce, "Ashe ku ma an ce kun lalace?" Ya ce, "Kai, Malam, ai har an ce ba za mu yi albarka ba." Ya ƙara yin shiru. Can ya ce a shekarar ne ya fara zuwa zance wurin wadda ta zama uwar 'ya'yansa, kuma yakan bi hanya yana rera karin waƙar nan da baki, ba tare da ya san ma'anarta ba, ita kuwa tana yi masa dariya tana ce masa Ba'indiye. Ta rasu shekara shida ke nan.

Muna cikin haka jikan ya dawo da ƙullin zare. Ashe ya ji ƙarshen maganar daga bakin ƙofa. Ya ce, "Au, tsoho, ashe kai ma ɗan haura katanga ne?" Dattijo ya ɗaga sanda kamar zai kai masa, yaron ya goce yana dariya. Sa'an nan ya ajiye sandar, ya gyara zama a benci, ya ce, "Rufe mini baki, ja'iri. Samo mini tawan nan."